Ruwan Dare a Garin Malam da Bidiyon da Aka Goge

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'ar Damagaram na gida da na nesa. Na goge bidiyon da aka turo a zauren nan namu na waya da asuba, wanda aka rubuta a ƙarƙashinsa wai ruwa ya ci unguwar Garin Malam cikin dare. Ruwa kam an yi shi, kuma mai ƙarfi, amma garin da ke cikin bidiyon nan ba namu ba ne. Tun kafin in fito daga masallaci 'yan uwa na ta kirana daga Agadas da Kano, hankali a tashe, suna tambayar iyayensu. Don Allah duk abin da mutum bai gani da idonsa ba, ya tambaya kafin ya turo.

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Ni na turo, ni ma turo mini aka yi. Amma a bar ni in faɗi tawa. Ko bidiyon ba namu ba ne, ruwan da ya kwana a layinmu namu ne. Da hannu na turo moto da safen nan, ruwa har gwiwa, tsohuwata tana kwashe shi daga ɗaki da kwano. Kowace damina haka muke. In mun yi shiru ba wanda ya san halin da muke ciki, in mun yi magana a goge.

Ɗalibar Shari'a: Yaya, ba maganarka aka goge ba, bidiyon aka goge. Na Maiduguri ne, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin Satumba 2024. Ka dubi allunan shaguna, duk da Turancin Ingilishi aka rubuta su, ka dubi lambar motocin, ka saurari mai ɗaukar yana ambaton naira. Wanda ke da Google Lens a wayarsa ya ɗauki hoton wani wuri daga cikin bidiyo ya sa, zai nuna masa inda aka fara wallafa shi. Ba ya cin minti biyu.

Ɗan Gida a Agadas: Wallahi ni jikina rawa ya dinga yi. Gidanmu na ƙasa ne, kuma uwata ba ta iya tafiya da sauri. Na yi ta kira rezo babu, sai da hantsi na samu ƙanwata. Ku da ke gida ba ku san yadda irin wannan saƙo yake yi wa na nesa ba.

Hajiya Mai Fura: Allah ya kyauta, ɗana. Suna lafiya dai?

Ɗan Gida a Agadas: Lafiya lau Inna, sai katangar bayan gida da ta jiƙe.

Ɗan Kabu-kabu: To na ji na Maiduguri ne. Yanzu in na fita na ɗauki na layinmu da wayata, da kwatar da ta toshe, da bolar da ta cika ta, in turo nan, za a bari ko za a ce in kiyayi doka? Don abin da nake ji ke nan a fada, wurin hirar samari, kullum: kar ka ɗauka, kar ka tura, za a zo a tafi da kai.

Ɗalibar Shari'a: Tambayar nan tana da muhimmanci, bari in faɗi abin da ke rubuce don kada a yi ta jin tsoron abin da ba a sani ba. Dokar laifuffukan intanet ta Nijar tun 2019 aka yi ta. A 2022 aka yi mata gyara, aka cire ɗauri ga ɓata suna da zagi, aka bar tara. A watan Yuni na 2024 aka sake gyara ta, ɗauri ya dawo: ɓata suna ko zagi ta waya ko intanet, shekara 1 zuwa 3, yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam, shekara 2 zuwa 5, ga kuma tara da ke kaiwa miliyan 5 na sefa. Wanda ya tura abin da wani ya ƙirƙira shi ma yaɗawa ya yi, cewa "turo mini aka yi" ba ta wanke mutum.

Inda ni kaina nake da damuwa shi ne wannan magana ta tada hankalin jama'a. Tana da faɗi ƙwarai. Bidiyon ƙarya irin na ɗazu kowa ya ga yadda ya tada hankali. Amma hoton kwata da ta toshe fa? A ganina nuna ɓarna ta gaskiya a unguwarka, ba tare da ka zagi kowa ko ka ɗora wa wani laifi da suna ba, haƙƙinka ne. Sai dai da yake iyakar ba ta fito fili ba, mutane da yawa sun gwammace su rufe baki gaba ɗaya, kuma wannan asara ce ga gari.

Tsohon Soja: 'Yata, kin yi bayani mai kyau, amma ki ƙara da ɗaya gefen. Ƙasar nan tana cikin yaƙi. Mun ga yadda ake ɗauko hoton gawarwaki daga wata ƙasa a ce sojojinmu ne, uwa ta gani ta faɗi. Mun ga saƙon murya guda ya hana mutane zuwa kasuwa. Gwamnatin da ta zuba ido a kan wannan ba ta yi aikinta ba. Ni dokar ba ta dame ni ba, don ba ni da niyyar zagin kowa.

Malamar Lakwal: Baba, ba wanda ke goyon bayan mai ƙarya. Amma ba masu zagi kaɗai ke jin tsoro ba. Ina koyarwa a aji na zana, ruwa na shiga, yara na zaune a kan buhu. Na sha ɗaukar hoto in tsaya in goge, don ban san wa zai gani ya fassara shi yadda ya so ba. Ni ma ina son ƙasata. In mai gaskiya ya koma yana goge hotonsa da hannunsa, to wa zai gaya wa na sama abin da ke faruwa a ƙasa? Su ma ai ba sa ganin komai daga ofis.

Tsohon Soja: Akwai hanya, Malama. Akwai mai unguwa, akwai ofishin magajin gari, akwai gidajen rediyo.

Malamar Lakwal: Akwai, kuma muna bi. Amma takarda tana iya kwana a cikin durowa har damina ta wuce. Hoto kuwa in ya zagaya, washegari sai ka ga an aiko a duba. Kowa a zauren nan ya san haka ake yi.

Ɗan Gida a Agadas: Kuma kar a manta, mu na nesa da wayar nan muke rayuwa da gida. A Fabrairun 2021, bayan zaɓe, da aka rufe intanet na salula kusan kwana goma, jita-jita ba ta mutu ba, ƙaruwa ta yi, don ba ka da inda za ka bincika. Ni na fi son a bar hanya a buɗe, a koya wa mutane tantancewa.

Shugaban Zaure: Ku yi haƙuri in sa baki. Maganar doka ba mu za mu warware ta a nan ba, kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin ladabi kuma na ji daɗi. Abin da ke hannuna shi ne zauren nan. Hoton da mutum ya ɗauka da kansa, ya faɗi unguwa, ya faɗi rana, bai zagi kowa ba, bai nuna fuskar matan mutane ko gawa ba, ba zan goge ba. Ɗana mai moto, je ka ɗauko.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Kafin ya dawo bari in yi magana a kan ruwan kansa, don shi ne asalin zancen, kuma na yi aikinsa har na yi ritaya. Garin nan a kan dutse yake zaune. Duwatsun da kuke gani a Birni ba a sama kaɗai suke ba, haka suke shimfiɗe a ƙarƙashinmu. Wannan abu guda shi ke jawo mana wahala biyu. In bazara ta yi, ka haƙa rijiya ka tarar da dutse, shi ya sa ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da Yamai a 1926. In damina ta yi kuma, ƙasa ba ta shan ruwan da sauri, sai ya bi gangare yana neman wurin zama.

Wurin zamansa kuwa tafkuna ne. Kakanninmu ba su bar tafkunan cikin gari don sakaci ba. Nan ake ɗibar ƙasar gini, ramin ya zama ma'ajiyar ruwa, dabbobi su sha, a yi bulo, ruwan unguwa ya sami inda zai tafi. Yanzu me muke yi? A zuba shara a bakin tafki shekara da shekaru har ya cike, sai wani ya zo ya ce fili ne, ya saya, ya gina. Ruwa bai san an sayar ba. Ranar da aka yi mai yawa zai zo inda ya saba, in ya tarar da gini ya shiga gidan maƙwabci wanda ya fi ƙasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ruwan da ke rushe mana gidaje a Agusta shi ne muke saye a bido da tsada a Afrilu, mata na kwana a bakin pampo. Ruwan da ke sauka a nan a shekara bai wuce milimita 400 da wani abu ba in an daidaita, amma yana zuwa ne a 'yan kwanaki, wani lokaci rabin na wata guda a dare ɗaya. Garin da ke haka tilas ya koyi riƙe ruwa: a yashe tafkuna, a kewaye su don yara, a hana gini a cikinsu, a buɗe hanyoyin da ke kai ruwa gare su.

Hajiya Mai Fura: Malam, Allah ya saka da alheri. Maganar kewayewa ita ce ta fi taɓa ni. Duk damina sai an ji yaro ya tafi wanka tafki bai dawo ba. Ga sauro. Jikokina biyu yanzu haka suna kwance da masassara. Amma a gaya mini gaskiya, sharar nan ina za mu kai ta? Ba wanda ke son zubawa a kwata. In ka tara a gida kwana da kwanaki ba mai ɗauka, yaro kake ba dala biyar ya fita da ita, kai ba ka san inda ya juye ba.

Malamar Lakwal: Inna ta faɗi gaskiya. Kuma mafi yawan abin da ke toshe magudana leda ce. Tun 2014 aka yi dokar hana shigo da leda mara kauri da sayar da ita a ƙasar nan. Ku shiga kasuwar Dole yau, tumatir na dala goma ma a leda za a ƙulla miki. Har dabbobi tana kashewa, mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbi.

Mai Shago a Zango: Malama, mu ma ba da son ranmu ba. In ban ba da leda ba mai saye ya wuce shagon gaba. Sai dai a hana daga inda take shigowa, kowa ya rasa, a koma kwando da ƙwarya.

Magini na Birni: Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji ana ta cewa gidan ƙasa ne matsala, kowa ya koma siminti. Ban yarda ba. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa don ruwan sama ya taɓa shi, yana faɗuwa ne don an bar shi. Da, kafin damina kowane mai gida zai kira magini a hau soro, a duba tsaga, a sake yaɓe, a gyara indararo ya zuba ruwa nesa da bango. Masu hali su sa makuba. A duba azara ko gara ta ci. Ana yin wannan duk shekara kamar yadda ake gyaran gona.

Abu biyu ke kashe ginin ƙasa yanzu. Na farko ruwan da ke kwana a gindin katanga. Hanyoyi sun tashi saboda cikon da ake yi da shara da ɓaraguzai, tsofaffin gidaje suka koma rami. Bango yana shan ruwa daga ƙasa, gindinsa ya ruɓe, sama na nan lafiya, dare ɗaya ya zauna. Na biyu shafa siminti a kan bangon ƙasa. Ido yana ganin kyau, amma in laima ta shiga ta bayansa ba ta da hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, mai gida bai sani ba sai ranar da ɓawon ya ɓalle da rabin bango.

Ran 3 ga Satumba 2024 da tsohon masallacinmu ya rushe, na je na tsaya na yi kuka. Ginin tsakiyar ƙarni na 19 ne, ya haura shekara 170 yana tsaye, kakannin kakanninmu suka ɗora tubalinsa. Ba ƙasar ce ta gaza ba. Ku dubi na Agadas, shi ma ƙasa ce, hasumiyarsa na nan don ana taruwa a yi mata yaɓe.

Ɗalibar Shari'a: Baba, Allah ya ƙara girma. Kuma a lura, bidiyon faɗuwar masallacin nan mutanen gari ne suka ɗauka da wayoyinsu, shi ya sa duniya ta sani a rana ɗaya. Unguwar Birni da gidan Sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006 don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, Agadas kuwa an riga an amince da ita a 2013. Hoton gaskiya irin wannan shi nake cewa kada tsoro ya hana.

Tsohon Soja: A kan wannan ba mu da saɓani, 'yata. Daminar 2024 damina ce da ba za a manta ba. Sama da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Malamar Lakwal: Har komawa lakwal aka ɗaga daga 2 ga Oktoba zuwa 28, don azuzuwa da dama mutane ne ke kwana a ciki, wasu kuma sun faɗi.

Mai Son Kokawa: Jama'a ku bar ni in shigo da tawa, kuma ba wasa nake ba. In lokacin kokawar takobi, wato gasar ƙasa baki ɗaya, ya zo, garin nan kan zama tsintsiya ɗaya. A cika filin Langa-Langa don zaɓen 'yan kokawar jiha, attajirai su yi alkawarin moto da buhunan shinkafa, mu talakawa mu yi karo-karo, zauren nan ba a barci ana turo kowace karawa. Shekarun da Issaka Issaka na Doso ya yi yana ɗaukar takobi, kowace fada tana da shawarar yadda za a kada shi. Ina son kokawa har raina. Amma in za mu iya haɗa kai haka don kwana goma na kokawa, za mu iya don kwatar unguwa. Ƙarfin nan yana nan, samarin nan da ke ɗaga ƙarfe a fada suna nan.

Ɗan Kabu-kabu: Na dawo, ga hotuna nan na turo, na yau ne, bayan layinmu a Garin Malam. Ku dubi na biyun, bakin kwalbatin ke nan, leda da tsumma da yashi sun rufe shi ruf. Yaya mai kokawa, samari ba su ƙi aiki ba. Bara mun yashe wannan wurin da kanmu. Muka tara dattin a gefe muna jiran a zo a kwashe, ba a zo ba, ruwa na gaba ya mai da shi ciki. Abin da ya kashe mana jiki ke nan.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa: Na ga hotunan, ɗana. Wannan kwalbatin in ya buɗe, rabin ruwan layinku zai wuce. Amma a fara yasa daga ƙasa, inda ruwan ke fita, a hauro sama. In kuka fara daga sama, kun tura wa na gangare ne. Kuma kada yaro ya shiga ba takalmin roba, akwai kwalabe da ƙarafa.

Shugaban Zaure: To ga shawara. Gobe in Allah ya kai mu, ni da Malam, tsohon ma'aikacin ruwa, za mu je wurin mai unguwa da hotunan nan, daga nan mu wuce ofishin magajin gari mu nemi motar kwasa. Gayya ran Asabar bayan sallar asuba. Ko an ba da mota ko ba a bayar ba, za a yi.

Mai Shago a Zango: Ni na ɗauki shebur biyar da manjagara biyu, da shayin samari.

Ɗan Gida a Agadas: Zan aiko da jaka goma ta hannun Baba Alhaji, a sayi safar hannu da takalma.

Hajiya Mai Fura: Fura da ruwan sha na kaina. Magini, don Allah in an gama ka biyo ka duba mini bangon ɗakin jikokina, na ga tsaga ta gefen indararo.

Magini na Birni: Ba sai Asabar ba, Hajiya, tsaga ba ta jira. Gobe da hantsi ina nan tafe. Kafin nan a janye gadon yaran daga jikin bangon, a sa bokiti ƙarƙashin indararon kada ruwa ya zuba a gindi.

Ɗan Kabu-kabu: Baba Alhaji, in motar ba ta samu ba fa? Kar a sake irin ta bara.

Shugaban Zaure: In ba ta samu ba, masu amalanken jaki za mu ɗauka daga cikin kuɗin da aka tara, su kwashe a ranar. Ka yi magana da guda uku tun yau ka ji farashinsu, ka gaya mini kafin magariba.